Wasan ƙarshen da Isufu ya soke

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Isufu ɗan Maraɗi, amma har yau in aka ambace shi a majalisar tsofaffin 'yan Guangzhou sai wani ya ce, "Wanda ya kashe kofi?" Wannan sunan nake so in wanke masa, ko da na makara.

Ɗan dako ne kamar ni. Muna ɗaure dilar wandon jins a Xintang, muna loda wa 'yan kasuwa kwantena. Ƙwallon ƙafar ranar Lahadi ta masu shaguna ce, ba sa saka irinmu. Shi kuwa ya koyi zari-ruga a Yamai, sai ya zo mana da ƙwallo mai kama da ƙwai, ya ce mai ɗaukar dila ba ya tsoron kafaɗar mutum. Kanawa suka yi ta dariya, wai kokawa ce aka ba ta ƙwallo. Duk da haka ƙananan ƙungiyoyi takwas suka tashi, mutum bakwai-bakwai. Isufu ya sa kofi. Gasar sili ɗaya ƙwale ce, in an ci ka sai ka koma gefe ka yi tafi.

Shekarar farko an gama lafiya. Ta biyu ta faɗo gab da gasar Olamfik, biza ta yi wuya, ana tare mutum a titi a ce ya nuna fasfo. Mu 'yan Xintang muka kai wasan ƙarshe da masu ɗaure jakunkuna na Shiling, waɗanda kowa ya san sun fi mu. Ana saura kwana uku, mai filin da muke haya ya ce sai an kawo kwafin fasfon kowane ɗan wasa. Isufu ya yi ta magiya, mutumin ya girgiza kai ya ce da yarensu, "Meyo," wato babu. Babu takarda, babu fili.

A cikin 'yan wasan akwai mutum biyar da bizarsu ta mutu, kuma Isufu ya san su. In ya cire su, ya nuna su da yatsa. In ya faɗi dalili, za a fara ƙidayar waɗanda ba su da takarda, kuma ba kowane kunne ba ne namu. Sai bayan sallar Juma'a ya tsaya ya ce, "Ni na kafa, ni na soke."

Wani ɗan Shiling ya ɗaga murya: "Tsoro ne, ɗan Maraɗi! Ka ga za mu niƙe yaranka."

Isufu ya ce, "To, haka ne."

Mai wannan ihun yana cikin biyar ɗin, kuma ya san dalili. Yau Alhaji ne mai shaguna.

Shekara ta uku Isufu ya kira gasar, ba wanda ya zo. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ya kuwa doke shi. Daga baya ciwo ya mayar da shi gida, can ya cika. Da zai ga yadda yanzu manya ke ɗaukar nauyin gasa, ana buga hotonsu a rigar 'yan wasa, na san dariya zai yi ya tambaya ko akwai ɗan dako a ciki. Ana cewa alheri gadon barci ne, ni dai ban ga ya kwanta a nasa ba.

Me ya rage nasa? Kofin ban san inda yake ba. Amma mutum biyar sun daidaita takardunsu a hankali, sun koma gida da ƙafarsu da jarinsu, ba wanda ya kwana a tsare. Huɗun ba zan kira sunansu ba, shi ma bai kira ba. Na biyar ni ne. A lokacin shiruna yana da hujja. Bayan na sauka Kano lafiya ba shi da ita, kuma Isufu ya ƙara shekaru a raye, ana yi masa gori a gabana ina shan shayi.

Allah ya jiƙan ka, Isufu. Kai ba ka gudu ba, mu ne muka gudu.