Jaki Mai Kai Uku a Siton Alhaji

Na ɗauki hotuna ba iyaka a rayuwata, na aure da na suna da na katin shaida, yawancinsu na manta. Amma hoton wani siton hatsi da na ɗauka a shekarar fari, wannan kam sai dai in an rufe ni da shi.

Ruwa ya sauka a farkon damina, aka yi shuka, sai sama ta ɗauke kamar an yi mata laifi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. A ƙauyen kakannina, tsakanin Isa da Sabon Birni, mata sun koma jiƙa 'ya'yan anza na daji suna zubar da ruwan ɗacin kafin a samu abin ba yara. Gwaggona tana cikinsu, ga marayun jikoki a gabanta. Ni kuwa ina Isa da ɗan shagona, ban daɗe da dawowa daga Sakkwato ba, inda na koyo wata dabarar ɗaukar gine-gine da ake kira HDR. Ba tsafi ba ne. Za ka kafa kyamara bisa ƙafa uku ka ɗauki abu guda sau uku, ɗaya da duhu, ɗaya daidai, ɗaya da haske sosai, sai kwamfuta ta haɗe su. Farin bango ba ya ƙonewa, inuwa kuma ba ta haɗiye komai. Masu otal da dillalan gidaje suna mutuwar sonta.

To, an ba wani Alhaji ɗan kwangila aikin gina sito a ƙauyen, ya kuma cika shi da geron agaji. Kwamiti zai zo daga Sakkwato ya gani. In suka gamsu cewa sito ya cika, motocin hatsi za su wuce wasu garuruwa, tunda mutanenmu sun riga sun samu. Mutanenmu kuwa ko ƙwaya ba su gani ba, kullum ce musu ake yi sai an yi bikin buɗewa.

Alhaji ya zo shagona da kansa, ƙamshin turare ya riga shi shigowa. Ya ce ya ga hotunan wani otal a birni, irinsu yake so, a buga ƙatuwar bana, wato hoton bisa faffaɗan ƙyalle, da za a buɗe gaban baƙi. Na gaya masa gaskiya, wannan dabara ba ta barin komai cikin duhu.

Ya ce, "Shi nika so. Aikina a hili shike, ba ni son duhu ko kaɗan."

Da tsakar rana muka je. Gaban sito ya sha farin fenti har yana kashe ido. An buɗe ƙofa, an jera buhunan gero a bakinta, layi biyu, sun kai ƙirjin mutum. Bayansu baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, duk wanda ya gani zai rantse buhuna ne har bango. Yaran Alhaji suka hana ni matsawa, wai kada in taka siminti. Shi kuma ya tsaya gefen ƙofa, ya gyara babbar riga, ya tura ciki gaba. Na ce kada kowa ya motsa, na danna sau uku.

Na koma shago na haɗa hotunan. Duhun nan ya washe tas. Bayan buhunan babu komai sai ƙasa, ga rabin rufin baya babu kwano. Can ciki kuwa wani dillalin hatsi da duk kasuwar Isa ta sani yana zaune bisa tabarma yana cin goro, yana gadin buhunansa da ya bayar aro. Kusa da shi jakin da zai mayar da kayan. Kowa ya ji umarnina ban da jakin. Ya yi ta kaɗa kai a tsakanin dannawa ukun nan, sai ya fito da kai uku.

Ni dai ban ɓoye ba, Allah shaida ne. Washegari na nuna wa Alhaji a kwamfuta. Bawan Allah ya kafa ido bisa fuskarsa. Ya sa na ƙara girmanta, ya yaba yadda zanensa na Gobirawa ya fito raɗau, ya ce a rage ƙyallin goshi, a miƙe hula. Na ce ya duba cikin ƙofa. Ya ce aikin wuyan rigar bai fito sosai ba. Na sake cewa ya duba cikin ƙofa.

Ya harare ni. "Ni da na gina shi za ka nuna ma cikinai? Tahi ka buga."

Na buɗe baki za ni faɗa karo na uku, sai na tuna ƙwaryar anzar gwaggo. Na rufe bakina, na hau mota sai Sakkwato wurin masu buga bana.

Ranar biki an kafa rumfa, an jera kujerun roba, maroƙi yana ta zuba kirari da cikinsa wayam. Ƙofar sito kuwa an danna mata ƙaton kwaɗo, wai saboda tsaro. Shugabar kwamitin wata Hajiya ce mai tabarau, ba ta cika magana ba. Aka ja ƙyalle, bana ta bayyana, tsawonta ya kai ɗaki. Manyan da ke rumfa suka ɗauki tafi, don su ma fuskar Alhaji suke kallo. Na ce shi ke nan, an buga gaskiya da girman ɗaki kuma babu mai ganinta.

Sai muryar gwaggo ta taso daga wajen mata. Ita ba ruwanta da hula, hatsi take nema a hoton.

"Ku jama'a, mi ya samu jakin ga, kai har uku?"

Sai dariya ta ɓarke daga baya. Wani ya gane dillalin ya kira shi da laƙabinsa, wani ya nuna rufin. Hajiya ta tashi ta je gaban bana, ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallo, sannan ta nemi mabuɗi. Aka ce an tafi da shi Isa. Ta sa aka ɓalle kwaɗon. Ko buhunan aron ma babu, mai su ya kwashe abinsa tun ranar da aka ɗauki hoton. Alhaji ya hau rantse-rantse, wai sharrin kwamfuta ne, aljanunta ne suka saka jaki a hoton don a ɓata masa suna.

Hajiya ta nuna ƙasan siton da ɗan yatsa. "Wannan kashin jakin ma kwamfuta ce ta yi shi?"

Ba a ci shinkafar biki da daɗi ba ranar. Kafin wata ya mutu motocin gero suka shigo ƙauyen, aka raba a bainar jama'a gindin tsamiya. Ni kuwa Alhaji ya bi manya yana cewa kyamarata mayya ce, na daɗe babu ɗan kwangilar da ya leƙo shagona. Ban ji haushi ba, aure da suna ba su ƙarewa.

Da na kai wa gwaggo ziyara bayan haka, na tarar ta samo banar, ta shimfiɗa a tsakar gida tana shanya surfen gero a kai. Fuskar Alhaji duk ta lulluɓe da hatsi, jakin kawai ake gani. Ta ce ai wannan ne geron farko da ya taɓa shiga siton.

Tun daga ranar na koyi cewa maƙaryaci ba ya buƙatar mai tona shi, son ganin fuskarsa ya ishe shi. Shi ya sa har yau duk wanda ya zo ya ce in ɗauke shi babu duhu ko kaɗan, nakan ce masa ya fara komawa ya leƙa abin da ya bari a bayan ƙofa.