Mahad, Mai Yanka Taru Ya Ɗinke

"Yaya, yau ma amaren naka za ka je gaisarwa?"

"Su ne. Kana da saƙo in kai musu?"

"Ka ce su bi hanya, teku da faɗi. Taruna ba shimfiɗar uwarsu ba ne."

"Hanyarsu suke bi, Bakhit. Kai ne ka shanya kayanka a ƙofar ɗakin mutane."

Bakhit ya yi tsaki, ya ci gaba da tura kwalekwalensa. Gaisuwar 'yan'uwan nan biyu ke nan, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara da shekaru: ba sallama, ba an tashi lafiya, sai baƙar magana a bakin ruwa, kowa ya kama gabansa. Babban cikinsu, Mahad bin Suhail, shi muke wa jinjina a yau, domin wannan safiya ita ce fitarsa ta ƙarshe. Likita a birnin Salala ya dubi yadda hannuwansa suke rawa, ya ce teku ta ishe shi haka.

Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu ya san safiyar Mahad. Da an idar da sallar asuba, matarsa Tuful za ta zuba turaren lubban a garwashi, ya tsaya hayaƙin ya ratsa rigarsa, ya kurɓi shayi da madarar raƙumi, ya ɗauki doguwar gorarsa mai wuƙa ɗaure a baki, ya gangara. Aikinsa kai baƙi kallon halittun Allah a wannan gaɓa tamu ta kudu, inda duwatsu suke tsaye a cikin ruwa babu hanyar mota, babu gida, sai baƙaƙen tsuntsaye jingim a kan tsauni da kunkurun ruwa suna leƙowa. Amma abin da baƙi suke ƙetare ƙasashe dominsa ita ce giwar teku, wadda ta fi jirginsa tsawo, take shayar da ɗanta nono, take tasowa ta fesar da numfashi kamar hayaƙi. Mahad ba ya bin ta da inji. Tun daga nesa yake kashe shi, ya kwantar da kunnensa a kan katakon jirgi ya saurari kukanta. In baƙi suka ƙosa sai ya ce, "Ba a kutsa wa mai jego ɗaki."

Giwar teku ba ta da maƙiyi a ruwanmu kamar taru. In ya naɗe ta, ta kasa tasowa shan iska, sai ta nutse a cikin gidanta. Mahad shi ne yake yanke tarun ya sake ta. Abin da ya raba shi da sauran masu tausayi shi ne, ba ya yanka ya ɓuya. Yakan jawo tarun, ya kai shi ƙofar gidan mai shi da rana tsaka, ya shimfiɗa tabarma, ya zauna da zare da basilla har sai ya mayar da kowane idon taru mazauninsa. Musallam, wani dattijon masunci, ya ce da idonsa ya ga Mahad ya faɗa ruwa da wuƙa a haƙori, wutsiyar giwa tana dukan ruwa kusa da kansa, washegari kuma ya same shi a ƙofar gidansa yana ɗinki da karyayyen haƙarƙari. "Na fito da niyyar zagi," in ji Musallam, "sai na koma na ce a ɗora shayi."

Kowa ya ɗora masa shayi ban da ƙaninsa. Mahad ya yanke tarun Bakhit ne a tsakiyar kakar kifi, lokacin da gida yake tara abincin shekara, kafin a gama ɗinki kifi ya wuce. Tun daga ranar ba su ƙara sa hannu a tire ɗaya ba, ko da Sallah. Kuma kamar da gayya, Bakhit ya ci gaba da kafa tarunsa a bakin mashigar ruwan da giwaye suke kawo 'ya'yansu.

A safiyar nan Tuful ta raka shi har ƙofa.

"Ka bar gorar nan a gida, maigida."

"Sanda ce, dogarawa nake."

"Sanda mai wuƙa? Kofin shayi ma sai na riƙe maka. In ka yanka yau, da wane hannu za ka ɗinke? So kake ka ƙare aikinka da abin kunya a ƙofar wani?"

Mahad ya san gaskiyarta. Mutuncinsa duka a kan ɗinkin nan yake rataye. In ya yanka ya kasa gyarawa, ya zama maɓarnaci, kamar yadda Bakhit yake faɗa tun da daɗewa.

Sun fita da baƙi kaɗan. Teku ta yi lif, sama ta yi duhu-duhu. Wata baƙuwa daga Maskat mai suna Mizun ta zauna kusa da shi.

"Baffa, za mu gan su kuwa?"

"Ba ni na ajiye su ba, 'yata. A da, kafin in gama shayina sun kewaye mu. Yanzu sai mu wuni muna kallon ruwa."

Sun wuce tsaunin tsuntsaye, sun wuce rairayin da kunkuru suke haƙa ramukansu, inda yanzu robobi suka fi sawun kunkuru yawa. Da suka doshi mashiga ya kashe inji, ya kwantar da kunne. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago, fuskarsa ta canza.

Uwar suka fara gani, tana kewaya wuri ɗaya, tana fesa numfashi da sauri. A tsakiyar da'irar ɗanta ne, taru ya naɗe shi tun daga kai har wutsiya. Robobin da suke riƙe tarun a saman ruwa jajaye ne. A gaɓar nan kaf mutum ɗaya ne yake shafa wa robobinsa jan fenti: Bakhit.

Mahad ya dubi hannuwansa. Sannan ya ɗauki gorar, ya ce wa baƙi, "Ku koma wancan gefen, kada kowa ya yi magana."

Mizun ta ce ba za ta manta ba har ta mutu: tsoho a durƙushe a bakin jirgi, wuƙa tana kaucewa, yana sake kai ta, igiya ta yanki tafinsa jini yana bin gorar, uwar kuma tana wucewa ta ƙarƙashinsu kamar inuwar dutse ba ta taɓa su ba. Ya yanke igiyar ƙarshe. Ɗan ya sulale daga cikin taru, ya juya gefe. Bai fesa numfashi ba. Uwar ta sa kai ta ɗago shi sama, ya zame, ta sake ɗagowa, ya sake zamewa. Babu wanda ya ɗauki hoto.

"Na makara," in ji Mahad. Ya jawo tarun cikin jirgi, suka nufi gaɓa.

Kai ne, Baffa Mahad, wanda ya ji kukan da ba a yi da harshenmu ba, ya amsa. Kai ne ka ƙi yin zaɓi tsakanin dabba da maƙwabci, ka ɗauki nauyin duka biyun a kan yatsunka har suka gaji. Babu wanda ya naɗa ka, babu wanda ya rubuta sunanka a jikin wani gini. Teku ta ba ka karyayyen haƙarƙari, ƙasa ta ba ka gabar ɗan'uwa, a ranar sallamarka kuma aka ba ka gawa. Zuciya tana ƙuna in ta tuna. Mun gode, mai wuƙa da basilla. Ku kuma matasan gaɓar nan masu sababbin injuna, in ba za ku iya nutso irin nasa ba, ku koyi kashe inji tun daga nesa, ku koyi zama a ƙofar wanda kuka ɓata wa.

Domin Mahad ya zauna. Bayan la'asar ya sa aka ɗora masa tarun a baro, ya tura har ƙofar Bakhit, ya shimfiɗa tabarma. Tuful ta tsaya daga nesa ta rufe baki da mayafi. Maƙwabta suka fara taruwa. Ya kama zare, zare ya kuɓuce. Ya kai basilla, ta wuce idon tarun. Da ƙyar ya ƙulla ido ɗaya, da ya ja sai ƙullin ya warware.

Bakhit ya fito ya tsaya a kansa.

"Ka sake yi, ko?"

"Na sake."

"To ya tsira, ɗan amaryar taka?"

"Ya mutu. Uwar tana can tana ɗaga shi."

Bakhit ya dubi tsumman da aka naɗe tafin yayansa da shi, ya dubi yatsun da suka koya masa ƙulli tun yana yaro suna karkarwa a kan zare.

"Wannan ɗinki ne ko saƙar gizo? Haka za ka kwana a ƙofata mutane su ce na sa tsoho bauta?"

"Ni na yanka, ni zan ɗinke."

"Da wannan hannun? Kafin ka gama na yi jikoki masu gemu." Ya tsuguna, ya zare basillar daga hannunsa a hankali. "Matsa, Yaya. Ban ce na huce ba, kada ka ji daɗi."

Ya ƙulla ido ɗaya, ya ƙulla na biyu, kansa a sunkuye. Sannan ya ɗago ya dubi masuntan da suka kewaye su, ya ɗaga murya yadda na bayan ma za su ji.

"Musallam, kai ne babba a nan, ka zama shaida. Daga yau tarun Bakhit ba zai ƙara shiga mashigar nan ba sai giwaye sun wuce da 'ya'yansu. Gorar nan kuma a bar ta a jirgina."