Samfurin da na kai Azare

Ƙarar ba ta fi ta gyaɗa a kasko ba: tas! Sai ƙaurin roba ya cika ɗakin, muryar maigidana ta yanke a tsakiyar aya. Tun rasuwarsa, abin da ya rage mana shi ne kwamfutar teburin da yake zana wa mutane katin biki da ita. A cikinta ya naɗi karatunsa na Alƙur'ani, kuma 'yarmu Nana ba ta tafiya makaranta sai ta saurara.

Maƙwabcinmu Malam Bukar mai gyara ya kunto wani ɗan akwatin ƙarfe mai fanka daga cikinta. "Wannan ce ta ƙone, Maman Nana. Fawa ake ce mata, ita ke raba wa na'urar wuta. Sai Azare." Yana sauri zai tafi suna Udubo, ban tsare shi da tambaya ba. Washegari na sayar da akuyata.

Katagum zuwa Azare

Ina idar da sallar asuba na ƙulle ƙonanniyar a ɗankwali, na bar Nana wajen kakarta, na nufi tasha. Mota ba ta cika ba sai da gari ya waye. A Sakwa aka ƙara mana buhunan wake da wata dattijuwa, wadda ta dubi ƙullin cinyata ta ce, "'Yata, tsarabar wa?" Na kawar da kai, don kada in yi kuka. A shingen hanya wani jami'i ya sa na kunce, ya jujjuya, ya shinshina, ya miƙo min.

Azare

Da hantsi muka sauka. Na ce wa ɗan acaba ya kai ni wajen masu fawa. Bai tsaya ko'ina ba sai gaban mahauta.

"Hajiya, ga su nan. Tsoka ko kayan ciki?"

Da na nuna masa ƙarfen ya yi dariya har da dukan tanki, sannan ya kai ni layin masu kwamfuta.

Mai shagon, wani Alhaji mai fara'a, ya ajiye min guda biyu. "Wannan ƙarfin wutarta wat ɗari biyu da hamsin ne, irin taki. Wannan ɗari biyar. Me da me ke cikin na'urar? An ƙara mata katin hoto?"

Ban sani ba. Na kira Malam Bukar, waya ba ta shiga. Ni kuwa tun tasowata, ko murfin tukunya za a saya, da samfur ake zuwa kasuwa a ce a ba da irinsa. Na ce masa ina tsoron kada babbar ta yi wa na'urar ƙarfi.

"Ba ta yin ƙarfi, Hajiya, iya buƙatarta take ja."

Na ɗauka zancen 'yan kasuwa ne. Na ce, "Alhaji, irin wadda mai ita ya bari nake so, sak."

"To. Amma kayan wuta in ya fita ba ya dawowa."

Na biya kuɗin ƙaramar, na yi azahar a gidan wata 'yar'uwa, ta zubo min dambu, loma biyu na iya.

Gida

Mun iso bayan la'asar, alhamdu lillahi, Allah Ya saka wa duk wanda ya taimake ni a hanya. Malam Bukar ya dawo. Ya karanta jikin fawar.

"Ai ƙanƙantarta ce ta ƙone waccan. Marigayi ya ƙara katin hoto mai cin wuta saboda zane, yana ta cewa zai sauya fawar da babba."

Na roƙe shi ya gwada. Aka kawo wuta, fanka ta juya, allo ya yi haske, Nana ta yi tsalle. Kafin a kai ga karatun, komai ya ɗauke.

"Kar a sake kunnawa," in ji shi. "In ta buga, har ma'ajiyar muryar za ta iya tafiya."

Ba ni da wata akuyar. Na lulluɓe kwamfutar da zane, na zauna a bakin gado, hawaye na zuba. Nana ta matso ta kama gefen hijabina.

"Umma, kar ki sake zuwa Azare. Na riƙe yadda Abba yake ja, har inda yake tsayawa ya yi tari. Ki rufe ido in karanta miki."