Layin da Auta Ta Kasa Cikewa

Ƙanwata ba ta taɓa ɗora dutsen guga a tsakiyar riga ba sai ta fara gwada shi a cikin kalmasa, inda ido ba ya kaiwa. Ko ta goge rigar nan sau ɗari, sai ta juya gefenta, ta ɗan dangwala, ta duba, sannan ta fara. Ni kuwa ina teburin da ke kusa da nata, na gama uku tana kan ɗaya, raina yana ɓaci a banza. Auta muke ce mata, don ita ce ƙarshe a ɗakinmu, kuma sunan ya bi ta har ta haura shekara talatin.

Shagon wanki da guga ne Baba ya bar mana. Dogon ɗaki ne mai ƙofa ɗaya, kanta a gaba, teburan guga biyu a tsakiya, injinan wanki uku a ƙurya, sai sandar ƙarfe da ta bi bango, kayan mutane na rataye a kai cikin leda. In hantsi ya yi tururi yakan taru a sama, fitila ta yi dishi-dishi, rigunan nan su riƙa motsi a hankali kamar masu su na ciki. A nan Auta ta girma. Tana 'yar mitsitsiya takan zauna a gaban gilashin injin tana kallon kaya suna juyawa, a yi ta kiranta ba ta ji. Mama ta yi faɗa har ta gaji. Baba ne kawai yake cewa, "Ku ƙyale ta, karatu take yi."

Karatun kuwa ta iya. Shekarar da ta gama sakandare babu wanda ya kama ƙafarta a lissafi. A shekarar ne kuma ɓarin jikin Baba ya shanye. Ta ce bari ya samu sauƙi tukuna. Ya yi shekara shida a kwance kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma kafin nan tebur na biyu ya riga ya zama nata, babu wanda ya sake ta da maganar jami'a. Har da ni, ba zan yi wa kaina ƙarya ba.

Muna da wasu ƙananan takardu da muke maƙala wa kaya da fil. A gaba lamba ce da ranar karɓa, baya kuma fari fat. Wata rana na lura bandir ɗin yana ƙarewa da wuri, sai na kama Auta tana rubutu a bayansu, ƙanana-ƙanana, daga wannan gefe zuwa wancan, ba ta barin ko wurin ɗora yatsa. Na ce to, Allah ya kawo suruki. Na fizge ɗaya ina dariya. Ba wasiƙa ba ce. Wasu baka-baka ne da ɗige-ɗige, layi a ƙarƙashin layi.

"Wannan kuma wane yare ne?"

"Manhaja ce, Yaya," in ji ta. "Umarni ne ake jera wa kwamfuta, ta bi ɗaya bayan ɗaya. Wannan zai gaya mana kayan da ya kamata su fara shiga inji, don kada wani injin ya zauna haka nan."

"Ina kwamfutar?"

Ta nuna goshinta da bayan biro. Ashe wayar da take jingina wa kwalbar fesa ruwa, da nake zaton fim take kallo, darasi ne. Ta rubuta a takarda, sannan ta rufe ido ta bi layukan da kanta, ita ce mai ba da umarnin, ita ce injin. Sau da yawa nakan ɗago in gan ta tsaye, dutse a hannu, leɓɓanta na motsi, idonta a kan tururin da ke tashi. In na yi magana sai ta ce, "Tsaya, ina layi na tara." Na ja tsaki har bakina ya gaji.

Da rubutun nan ne ta yi kuskuren da ya canja komai. Akwai wata mata mai gilashi da ke kawo fararen riguna biyar iri ɗaya kowace Juma'a, ta karɓa ran Litinin. Mai Farar Riga muke kiranta. Auta ta yi rubutunta a bayan takardar da ke da lambar matar, ta manta, ta maƙala a kwala, kaya suka tafi. Ran Talata sai ga matar, takarda a hannu, tana tambaya wa ya rubuta wannan. Ni har na gyara tsayuwa, na shirya rigima, don na ɗauka tawada ce ta ɓata mata riga.

Auta ta fito daga bayan tebur. Matar ta shimfiɗa takardar a kan kantar shagon, ta nuna wani wuri da ta zagaye da jan biro.

"A nan zai yi ta zagayawa har abada, 'yar'uwa. Ba ki ba shi ƙofar fita ba. Sauran duk daidai ne. A ina kika yi karatu?"

"A nan," in ji Auta.

Matar ta dubi injinan, ta dubi sandar kaya, ba ta yi dariya ba. Ashe rubuta manhaja ne aikinta, a wani kamfani da ke hawa na shida a can cikin gari. Tun daga ranar rigunanta suka riƙa zuwa da tambaya a aljihu, su koma da amsa a kwala. Daga baya ta ara wa Auta tsohuwar kwamfutarta. Ita ce kuma ta kawo labarin cewa jami'ar garin tana ɗaukar manya waɗanda suka daɗe da barin makaranta, ba sai sun sake jarrabawa ba.

Fom ɗin shafi biyu ne. Auta ta cike komai a zama ɗaya, sai layi na bakwai, inda za ta rubuta digirin da take so. Biyu ne a gabanta. Akwai kimiyyar kwamfuta, karatun rana, shekara huɗu, lissafi har wuya. Akwai kuma fasahar sarrafa bayanai, karatun yamma, wanda mutum zai yi yana aikinsa. Ta tambayi Mai Farar Riga. Ita kuwa baiwar Allah, maimakon ta yanke mata, sai ta ce a ofishinsu akwai masu wannan, akwai masu wancan, akwai wanda tarihi ya karanta, akwai ma wanda bai taɓa shiga jami'a ba, kuma duk aiki ɗaya suke yi. Ta ce Auta ta zaɓi wanda za ta ji daɗin tashi da safe saboda shi.

Wallahi gara da ba ta faɗa ba. Mutumin da ke gwada dutse a kalmasa, a ce masa ko'ina ya ɗora daidai ne? Ranar rufe karɓar fom ta zo ta wuce, layi na bakwai fari. Shekara ta zagayo, ta karɓo sabo, shi ma ya tsufa a aljihun tebur. A shekara ta uku jami'ar ta sanar cewa bayan bana za ta rufe wannan ƙofa ta manya. In Auta ba ta miƙa ba kafin ƙarfe huɗu na Juma'ar ƙarshen wata, shi ke nan, ita da jami'a sai a mafarki.

Sai ta yi abin da ta iya. Ta je ta gwada. Ran Litinin da yamma ta shiga ajin masu sarrafa bayanai, ta zauna a kujerar baya kamar ɗaya daga cikinsu. Da ta dawo ta ce, "Ba laifi. Yadda ake haɗa kwamfutocin ofis suke koyo, da adana bayanai. Zan iya." Ta ɗaura gyalenta ta ci gaba da aiki.

Ran Laraba da safe ta je ɗayan. Ta dawo da azahar, ta shigo ba ta ko ganina. Ta ɗauki dutse ta fara guga, ta yi hannu ɗaya, ta yi na biyu, ni ina kallonta, don dutsen ko jona shi ba ta yi ba. Tana gogawa tana ba ni labarin wani dogon ɗaki mai tagogi a sama, rana na saukowa a kan allo, da wata malama da ta zana garuruwa goma sha biyu ta shafe awa guda tana neman hanya mafi kusa a tsakaninsu.

"Rabi kawai na gane, Yaya," in ji ta, tana murmushi kamar wadda aka yi wa kyauta. "Rabi kawai."

Na san wannan fuskar, ita ce ta yarinyar da ke zama a gaban gilashin inji. Nan take na buɗe baki na fara jero dalilai. Na ce shekara goma sha uku rabonta da lissafin makaranta. Na ce za ta zauna cikin yara 'yan sha takwas suna ce mata Anti. Na ce ai Mai Farar Riga da bakinta ta ce duk ofishi ɗaya ake ƙarewa, to mene ne na ɗaukar dutse a ka? Duk abin da na faɗa gaskiya ne, kuma babu ɗaya a ciki da ya dame ni. Tsoro nake ji. Maigidana direban babbar mota ne, sai ya yi mako uku bai kwana a gida ba, yarana sun girma kowa na harkarsa. Duk maganar da nake yi a duniya, a tsakanin teburan nan biyu nake yin ta. Karatun yamma zai bar mini ita daga safe zuwa la'asar.

Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Haka ne, Yaya." Sannan ta lura da dutsen, ta jona.

Ran Juma'a aiki ya yi mana yawa, wani otal ya turo labule. Auta ta miƙo mini ambulan ta ce ta cike fom ɗin, in taimaka in kai, tunda na fi ta sauri. Na hau bas raina fes. A ofishin jami'ar na tarar da layi, yawanci manya irinmu, wani da kayan aikin asibiti, wata da goyo. Ina tsaye babu abin yi, sai na zaro fom ɗin don in tabbatar ta sa hannu. Layi na bakwai, fasahar sarrafa bayanai, karatun yamma. Madalla. A ƙarƙashinsa akwai wani babban fili, rabin shafi, an ce mai nema ya bayyana dalilin zaɓinsa. Auta ta rubuta: "Ya dace da lokacin aikin shagonmu."

Shi ke nan. Kalma shida, sauran filin fari. Na juya takardar ko ta ƙarasa a baya, babu komai. Na sake karantawa. Kunya ta kama ni a tsakiyar mutane. Layi na ta matsawa har na iso gaban ma'aikaciyar, ta miƙo hannu.

"Hajiya, fom ɗin?"

"Sabo nake so," na ce. "Wannan an yi kuskure."

Ta ba ni, ta nuna agogon bango, ta ce ƙarfe huɗu take rufe taga ko wane ne. Biyu da kwata a lokacin.

Na faɗa shago ina haki. Auta na kan labule, ta ɗago. Na kashe mata dutsen daga bango, na ajiye sabon fom a kan teburinta, na ɗora biro a kai.

"Ba a karɓa ba?" ta tambaya.

"Ni ce ban bayar ba. Ke yanzu ba ki ji kunya ba? Jami'a guda ta tambaye ki abin da kike so, ki ce mata shago?"

"Ke kika ce..."

"Na san abin da na ce. Ke kuma ba ki da bakin cewa a'a? Rubuta na ranar."

Ta dubi teburinta, ta dubi nawa. "To wa zai tsaya a nan?"

"Ba ruwanki. Tsoro nake ji, Auta, shi ne kawai, kuma tsorona ne, ba naki ba. Rubuta, lokaci na tafiya."

Ta zauna a kan kwandon kaya ta fara. Da ta zo babban filin nan sai ta sunkuya sosai, biro na gudu, ta cike shi har gefe, ta nemi ta juya baya. Na fizge na cusa a ambulan, na tura ta waje da silifas ɗin aiki a ƙafarta. Ta isa saura minti goma. Labulen otal kuwa ni kaɗai na kwashe su, ina gogewa ina zagin labule.

Yanzu tana shekara ta biyu. Ta faɗi lissafi sau ɗaya, ta sake, ta ci. Yaran suna ce mata Anti kamar yadda na faɗa, kuma wurinta suke zuwa in abu ya cije musu. Na ɗauki wata mata a tebur na biyu, mai ƙoƙari ce, ba ta da matsala, sai dai ba mu da abin cewa da juna bayan gaisuwa.

Auta takan biyo ta shago da la'asar, jaka a kafaɗa, ta zauna a kan kwandon nan ta fara ba ni labarin abin da aka koya musu. Da can ina gane ɗan wani abu. Yanzu daga kalma ta uku take ɓace mini, tana magana idonta na can sama wajen tururi, hannunta na zana abubuwa a iska. Na san haka za a yi tun ina tsaye a layin nan na ofishin jami'a. Nakan ce mata, "To, sai kuma aka yi yaya?" in jawo wata rigar, don kada ta lura ba na ganewa ta daina.