Sakatariya da Tsohuwar Kwamfutarta

Sakatariya kowa ke ce mata, har a cikin gida. 'Ya'yan ƙanenta ne kaɗai ke kiranta Gwaggo, su ma in ta ba da baya Sakatariya suke cewa. Tun tana budurwa ta kama aiki a wani kamfanin jigilar kaya, lokacin da ake buga takarda da tafireta. Tana wurin ta yi aure, tana wurin auren ya mutu, a kan kujerar nan furfura ta same ta. Doguwa ce siririya, da tabarau mai igiya a wuya. Ba ta iya magana a hankali ba, ba ta kuma iya ganin abu a karkace ta wuce shi ba. Direbobin kamfanin, ƙarti masu jan manyan motoci, sai sun gyara wuyan riga kafin su shiga ofishinta.

Ranar da aka sallame ta, manaja ya zaunar da ita ya yi ta zuba godiya, ya ce zamani ya canza, yanzu kowa da kansa yake buga takardarsa. Ta miƙe ta fita. Sai da ta fito baranda ta ga tsofaffin kwamfutocin ofis an jibge su a jikin bango ana jiran 'yan gwangwan, sannan zuciya ta ɗebe ta. Tata na can ƙasa, ta gane ta da tabon shayi a gefe. Ta ture na sama, ta rungumo ta kamar jaririya, ta nufi ƙofa.

Mai gadi ya miƙe. "Hajiya, an ce kada a fita da komai."

"Shara ce, ko ba shara suka ce ba? To mu biyu aka zubar yau. Matsa mini."

Ya matsa.

A gidan da iyayensu suka bar musu take zaune, ita da ƙanenta da iyalinsa. Ita ta goya shi, don haka har yau da ya yi sanƙo yake da 'yan mata a jami'a, Auta take ce masa. Mutum ne mai sanyin hali, yana sayar da tayoyin mota, ba ya son hayaniya. In ta fara faɗa sai ya ce, "To, Yaya," ya sulale.

Kwamfutar ta daɗe a ƙarƙashin gadonta tana shan ƙura. Abin da ya fito da ita shi ne ranar da aka fizge wa matar Auta waya a tashar mota, hotunan yara tun suna zanen goyo suka tafi gaba ɗaya. Matar ta wuni tana kuka. Ga kuma 'yar rautar gidan, wadda ke raba musu intanet, kullum cikin ɗaukewa take, sai an kashe an kunna. Sakatariya ta tuna ta taɓa jin masu gyaran ofis suna cewa tsohuwar kwamfuta tana iya aikin nan biyu: ta karɓi intanet daga waje ta raba wa gida, ta kuma zama rumbun da kowa zai ajiye kayan wayarsa. Saba suke ce wa rumbun. Ta jawo akwatin ta hure ƙurar.

Ba ta san komai ba a kai, ban da bugu. Ta dinga kallon bidiyo a waya tana tsayarwa, tana zagin mai bayanin don yana sauri kamar ana kora shi. Da ta gane sai ta ƙara wa kwamfutar katin netwok na biyu, ɗaya na shigowa ɗaya na fita, sai ta tafi kasuwar kayan lantarki. Mai shagon ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Mama, wa ya aiko ki? Ki kira shi mu yi magana."

"Uwarka ce ta aiko ni. Akwai ko babu?"

Akwai, amma da ta zo gida katin ya ƙi shiga ramin. Ita ce ta faɗi sunan da ba shi ba. Ta koma ta canzo, tana cika tana batsewa, mai shagon yana danne dariya. Murfin ƙarfen ya yanke ta a yatsa. Manhajar da ta sauke ta kyauta ta ƙi hawa, ta goge ta sake, ta goge ta sake. Akwai ranar da ta katse intanet ɗin gidan tun safe har yamma, 'yan matan suna da jarrabawa, suka yi ta zarya a ƙofarta ba mai bakin magana. Auta ya leƙo ya ce, "Yaya, ko mu kira mai gyara?" Kallon da ta yi masa ya ishe shi amsa.

Daga ƙarshe abin ya tashi. Ta ajiye kwamfutar a kan ɗan tebur a lungun da ke tsakanin ɗakinta da falo, ta bi bango da waya tana kafa ƙusa da kanta, ta rataya akwatin wayifai a saman ƙofar kicin. Kowa ta buɗe masa wurin ajiyarsa. Sannan ta kama aikin da ya fi damunta: ta tattaro tsofaffin hotunan mahaifiyarsu da gara ta fara ci, ta ɗauke su da kyamarar waya ɗaya bayan ɗaya ta zuba a cikin kwamfutar. Ta kwashe wani ɗan bidiyo daga tsohuwar wayarta da ke shirin mutuwa, inda Inna ke zaune a bakin gado a shekararta ta ƙarshe, tana yi wa Auta faɗa a kan ya rame, tana dariya ba haƙora. Shi kaɗai ne wurin da muryarta ta rage a duniya.

Sannu da aiki ba wanda ya ce mata. In intanet na gudu, na Allah ne. In ya tsaya, ko da kamfanin ne ya ɗauke daga can, sai ta ji daga ɗaki, "Gwaggo, abin naki ya tsaya!" Suka laƙaba wa kwamfutar suna Kaka, wai don tana nishi in ta tashi. Fankarta kuwa da gaske tana da ƙara, kamar ana niƙa a nesa. Matar Auta ta ce tana sa mata ciwon kai. Wata rana Sakatariya ta tarar an zare filogin an sa dutsen guga. Ranar har maƙwabta sai da suka ji. Ta naɗe soket ɗin da salatif, ta ce duk wanda ya sake taɓawa ta yanke masa yatsa, kuma ba wanda ya ɗauka wasa take yi.

A haka aka ɗauki lokaci mai tsawo, har yanar ido ta fara rufe mata gani. Likita ya ce sai an yi aiki, kuma bayan aikin ba kallon allo, ba ƙura, ba sunkuyo. Wata 'yar uwarsu da ke kusa da asibitin ta ce ta zo ta yi jinya a wurinta. Kafin ta tafi ta tara su a lungun ta ce, "Ba na son a goge ta, ba na son a matsar da ita. In wuta ta ɗauke ta dawo, wannan maɓallin kawai za a danna." Auta ya ce, "To, Yaya."

Ta dawo da baƙin tabarau, tana bin bango. Tun daga bakin ƙofa ta ji gidan ya yi shiru irin wanda ba ta saba ba. Lungun ya sha sabon fenti. Teburin na nan, an ɗora masa tukunyar fulawar roba. A bango ga wani ɗan farin akwati kamar sabulu, yana ƙifta koren ido.

"Ina take?"

'Yan matan suka shige ɗaki. Matar Auta ta ce tana da abu a wuta. Auta ya fito yana murmushin da bai kai ciki ba.

"Yaya, sannu da hanya. Zauna mana. Ai gyara muka yi miki. Ta mutu ne bayan tafiyarki, muka danna muka danna ta ƙi. Yara na da karatu. Sai na sayo wannan, kin ga ba ƙara, ba zafi, ke ma kin huta."

"Na ce ina take?"

"Mai gyaran waya na bakin titi na ba wa. Ya ce zai iya amfani da wasu kayan cikin."

Ta cire tabarau ɗin, duk da an hana ta. Idon ja wur, yana ruwa.

"Hotunan Inna fa?"

"Ai suna intanet, Yaya. Ko a wayata ina buɗe su."

"Tun da ka fitar da ita ka buɗe?"

Ya laluba aljihu ya ciro wayar, ya danna, ya sake dannawa. Ta ga lokacin da abin ya faɗo masa, fuskarsa ta zube.

"Intanet ɗin gidan ubanwa?" Muryarta ta cika gidan. "A cikinta suke! A cikin akwatin da ka ɗauka ka ba wa ɗan titi kamar tsohon takalmi! Na faɗa muku, na sake faɗa, amma da yake tsohuwa ce ke magana a kan tsohon abu, ba mai saurare. Waya ba ta kira ne? Ido aka yi mini aiki, Auta, ba kunne ba!"

"Cewa na yi kada in tayar miki da hankali..."

"To ga shi ya kwanta."

Ko zama ba ta yi ba ta fita, yana bin ta a baya yana "Yaya, rana, idonki." Shagon mai gyaran ɗan ƙarami ne, cike da gawar wayoyi. Kwamfutar na ƙarƙashin benci a buɗe, wayoyin cikinta a waje kamar an yanka akuya. Mai gyaran ya ce ba abin da ya same ta, abin da ke ba ta wuta ne ya ƙone, ana canzawa. Faifan ajiyar kuwa, tun makon da aka kawo ya goge shi ya sa wa wani mai shagon buga takardu, an ɗora sabbin abubuwa a kai.

"Ba ka duba me ke ciki ba?"

"Hajiya, ni ba na leƙa kayan mutane. Alhaji ya ce ba a so."

Ta rasa wanda za ta kama. Yaron gaskiya ya faɗa. Ta daɗe tana cewa za ta sayi faifai na biyu ta yi kwafi, ba ta saya ba, wannan ma yana cinta, kuma ya ƙara wa wutar mai. Ta sunkuya, abin da likita ya hana, ta tattara gawar kwamfutar. Auta ya miƙa hannu zai karɓa. Ta ce, "Ka taɓa ta ka gani."

An karɓo faifan daga mai buga takardun, an kai wa masu iya tono abin da aka goge. Suka dawo da hotuna kaɗan, wasu rabi, wasu fuska ta narke. Bidiyon bai dawo ba, tsohuwar wayar da ta kwaso shi kuwa ta daɗe da mutuwa. Hotunan takardar kuwa, matar Auta ta zubar da su lokacin fenti, tunda gara ta gama da su kuma an ce suna cikin kwamfuta.

Da idon ya warke, ta sake tayar da kwamfutar, wannan karon a cikin ɗakinta, da faifai biyu. Ba ta ba kowa lambar sirri ba. Gida ɗaya ya zama da netwok biyu, nata da nasu. Abin da ya fi ƙona mata rai, ɗan farin akwatin nan aikinsa yake yi lafiya lau, ko sau ɗaya bai ɗauke ba. Ta so ƙwarai ya lalace. Ya ƙi.

Ta daina yi wa Auta faɗa, shi kuwa ya gwammace faɗan. In ya gaishe ta sai ta amsa kamar baƙo. Ya fara rufe shago ranar hutu yana bin dangi gari-gari, yana tambaya ko akwai mai hoton Inna. Ya samo 'yan kaɗan, yawanci tana can gefe a cikin taro. A wurin wata tsohuwar maƙwabciyarsu da ta tashi tuntuni ya samo wanda take tsaye ita kaɗai a ƙofar gida, tana kare rana da hannu. Murya dai babu wanda ke da ita.

Ya kawo ya tsaya a ƙofar ɗakin, bai shiga ba. Ta karɓa ta daɗe tana kallo.

"Wannan zanen ni na saya mata," ta ce.

"Yaya, ki yafe mini."

"Ban ce ba zan yafe ba. Ban shirya ba ne. Kuma kada ka dame ni da tambaya."

Ya juya zai tafi, ta ce, "Ka gaya wa matarka ta kawo wayarta in kwashe mata hotuna, kafin a sake fizgewa ta cika mana gida da kuka. Ita kaɗai. Kai da 'ya'yanka ku je sabulunku ya ajiye muku."

Matar ta kawo da yamma, ta zauna a bakin gado tana jira, fankar na niƙa. Ciwon kai dai ba ta ambata ba.