Zarami Mai Duba Ruwa

Zarami taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, kuma ni na yi shekara goma sha biyar ina gyara masa keke a rumfata da ke Haɗeja. Don haka in na ba da labarinsa, ba ji na yi a bakin wani ba. Dogo ne siriri, ga taurin kan tsiya. Keken ma halinsa ya ɗauko: baƙi, tsoho, faci kan faci, amma bai taɓa yarda ya mutu a hanya ba. Nakan ce masa ranar da zai bar duniya, sai mun tona kabari biyu.

Ƙauyensu yana cikin fadama, gabas da Haɗeja, ta wajen Kirikasamma. A can ba a yi wa shinkafa ban ruwa, kogi ne ke zuwa da kansa. Ana watsa iri in damina ta kankama, shinkafa ta ɗan tasa, sannan kogi ya cika ya malalo ya same ta. Wuyar ita ce sanin inda za a watsa. In ruwan shekarar babba ne, wanda ya shuka a kwari ya yi wa kifi noma. In ƙarami ne, wanda ya hau tudu zai tsaya yana kallon shinkafarsa tana bushewa. Iri kuwa sau ɗaya ake watsa shi, don babu na biyu a rumbu.

Shi ya sa ƙauyen ke da mai duba ruwa, kuma gadon gidan su Zarami ne. Babansa a ƙafa ya yi, shi ya yi a keke. Duk farkon damina sai ya bi gaɓar kogi ya nufi yamma, kwana biyu ko uku, ya ga yadda ruwa ke tahowa. In ya dawo sai ya tsaya ƙofar gidan Bulama Gana, mai garinsu, ya faɗi ɗaya cikin magana biyu: ku hau, ko ku sauka. Da wannan maganar gidaje sama da sittin ke fita da irinsu.

Sau ɗaya na taɓa bin sa, a 1986, kuma ban sake ba. Hanya ce ta ƙafa, siririya, wadda mota ba ta taɓa sani ba. Ba ka jin komai sai kukan kacar keke da na tsuntsaye. Mu ratsa ƙarƙashin goruba, mu wuce rugar Fulani, in mun iso rafi mu ɗora keke a ka mu ƙetare, ruwa iya ƙugu. Guzurinmu gari ne da ƙuli-ƙuli. Ni ina fama da ciwon gindi ina tsine wa sirdi, shi kuwa kamar wanda ya je gaishe da dangi. Ya tsaya ya ɗebi ruwa a tafin hannu ya duba jansa, ya ɗanɗana. Ya duba kumfa. Ya tsuguna ya ga inda tururuwa suka mayar da gidansu a jikin gaɓa. Ya tambayi masunta wane kifi ne ya fara shiga taru.

Na ce, “Kai, wannan ai canka-canka ce.”

Ya ce, “Shu'ibu, kai da ba ka gane huji a taya sai ka tsoma ta a ruwa, ina kai ina sanin kogi? Ido ba mudu ba, amma ya san kima.”

Gaskiya ne, ya san kima. A shekarar farin nan ta 1984 shi ya ce su sauka can ƙasan kwari, inda ko kakanninsu ba su taɓa shuka ba. An yi masa dariya, amma aka bi. Ƙauyukan da ke kewaye ko ƙaiƙayi ba su samu ba, su kuwa suka ci tuwon shinkafa har bazara. Daga nan in ya shigo kasuwa sai ka ji ana “Malam Zarami, Malam Zarami,” shi da ko allo bai gama ba. Na ji haushi, ban ɓoye ba, amma na ji daɗi ma.

Abin da shi da mutanensa ba su lura da shi ba, kogin da yake karantawa ya daina zama kogin babansa. Can sama nesa an daɗe da gina madatsar ruwa, sai kuma aka ƙara wata. Kusa da mu ma aka yanka magudanan noman rani, aka yi musu jinga mai faɗi. Zarami har murna ya yi da jingar nan, wai keke na gudu a kanta kamar kan kwalta. Bai gane ba ruwa ya koma hannun mai buɗe ƙofa da rufewa. Tururuwa ba su san da wannan ba, kifi ma haka.

A 1993 ya je ya tarar da kogi a rame, ruwa fari-fari, babu kumfa. Ya dawo ya ce su sauka. Suka sauka. Shinkafa ta fito kore shar, ta kai taƙi guda. Rannan da hantsi, ko hadari babu a sama, sai ga ruwa ya taho gaba ɗaya. Kafin la'asar babu kan shinkafa ko ɗaya a waje. An buɗe ƙofa ne a can sama, su ba su sani ba.

Ba wanda ya zage shi, kuma da zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi. Bulama ya ce ƙaddara ce. Mutane suka tafi ƙwadago, wasu suka sayar da awaki suka nemo iri. Da damina ta zagayo ya sake tafiya, ya ga ja, ya ga kumfa, ya ce su hau. Suka hau. Ruwan ya zo bakin tudu ya tsaya, ya yi kwana tara, ya ja da baya.

Shekara biyu ke nan a jere. Ga kuma ciyawar nan kacala, doguwa mai kauri, ta fara cinye rafukan da ke kawo musu ruwa, har kwalekwale ba ya iya ratsawa. Samari suka fara watsewa, wasu Kano, wasu Maiduguri. Gida goma sha ɗaya aka rufe da ƙaya.

Da damina ta uku ta matso, Zarami ya zo rumfata ya jingine keke, ya ce in sa masa sababbin tayoyi gaba da baya. Na ce ina zuwa, Makka? Bai yi dariya ba. Ya ce zai bi kogin har inda aka tsare shi, ya ga wanda ke riƙe da shi ido da ido. Na ce ya hau mota mana. Ya ce mota ba ta bin gaɓa, shi kuma yana so ya ga ruwan tun daga nan har can. Na faɗa muku taurin kansa.

Kwana biyar ya yi a hanya. Ya ce da ya hau kan madatsar, sai ya ga ruwa a shimfiɗe iya ganinsa. Ya sami mai gadin ƙofar, wani dattijo mai kirki, har ya ba shi shayi. Zarami ya tambaye shi yaushe za a buɗe bana, kuma yaya yawansa.

Dattijon ya ce, “Wallahi, bawan Allah, ni ma ban sani ba. Takarda ake aiko mini. In ta ce buɗe, in buɗe.”

“To wa ke rubuta takardar?”

“Suna ofis. Su ma, in ka tambaye su, wani za su nuna maka.”

Ina ƙauyen ranar da ya dawo, don matarsa Huseina ta aiko mini cewa ya daɗe. Dattawan da suka rage suna zaune a ƙofar gidan Bulama, ruwan shuka ya sauka kwana uku da suka wuce, kowa irinsa na ɗaure a buhu yana jira. Zarami ya sauka daga keke, ya yi sallama, ya tsaya.

Bulama ya ce, “To, Malam Zarami, mu hau ko mu sauka?”

Ya ce, “Ranka ya daɗe, ban sani ba.”

Wani tsoho ya ce ya dai faɗi ko da abin da ransa ya ba shi ne, su sun yafe. Har roƙonsa suka yi, don mutum ya fi son a ce masa bi nan, ko da ɓata zai yi. Ya girgiza kai. Ya ce ya kai su ya baro sau biyu da saninsa, ba zai yi na uku da rashin sani ba. Ya ja kekensa ya shige gida, na bi shi.

Huseina ta kawo ruwa, ta durƙusa gefe. Ta bari ya sha, sannan ta ce, “Malam, namu irin fa? Tiya huɗu ce ta rage. Ina za a kai ta?”

Ya ajiye kwanon ruwan. Ya ce, “Ki surfa ki dafa. Yara sun kwana biyu ba su ƙoshi ba.”

Ta dube ni ko zan sa baki. Na kawar da kai, ta tashi ta fita. Ba a jima ba na ji ƙarar taɓarya a bayan ɗaki. Da aka kawo akushi ya ce bismillah, ya tura shi gabana. Na sa hannu na ci, shi ko loma ɗaya bai kai baki ba.