Hambali Mai Saƙo

A Lewisham, cikin 'yan Arewa, in ka ce Hambali Lawal sai an tsaya tunani. In ka ce Hambali Mai Saƙo kuwa, har yara za su nuna maka benen da ƙofar.

A 1981 ya zo London, gwamnatin jiharsu ta turo shi koyon aikin masaƙa. Bayan shekara uku gwamnatin ta manta da shi, masaƙar da zai koma ma ta fara tari. Sai ya kama aikin tura gadon marasa lafiya a wani asibiti, daga ɗakin kwanciya zuwa ɗakin tiyata, in an gama ya maido su. A nan ya gamu da Jamilatu, nas, Bazazzagiya mai magana ɗaya. Suka yi aure, council, wato ƙaramar hukuma, ta ba su flat a wani dogon bene, hawa na shida, suka haifi Karimatu, wadda in ka zuba mata Hausa Turanci ke fitowa.

Laƙabin a hanyar gida ya samo shi. Duk shekara biyu yana zuwa Najeriya, kuma tun tafiyar fari bai taɓa ce wa mai saƙo a'a ba. Wasiƙa, kaset ɗin murya, man zafi, takalmin makaranta, har haƙoran roba ya taɓa kai wa wani dattijo a Funtua. Shi kansa da riga biyu yake tafiya, don babu wuri. Yana da tsarinsa. A jikin kaya yakan rubuta sunan mai aikowa da adireshinsa na London, da manyan baƙaƙe, don in sun ɓata su san hanyar komawa. Sunan wanda za a kai wa kuwa yana cikin ɗan littafi a aljihun ƙirjinsa, don kada wani ya karanta a tasha ya zo ya ce shi ne. In saƙo ya isa, sai ya ja layi a kan sunan. Shekara goma sha biyu, ko allura ba ta ɓata ba. Digiri bai samu ba, mota bai saya ba. Wannan sunan shi ne duk abin da ya tara a ƙasar Turawa.

Farkon 1993 Jamilatu ta dawo daga aiki da wata takarda mai hoton farin jirgin ruwa.

"Baban Karima, jirgi ne, amma asibiti ne. Na wata ƙungiyar agaji. Wata huɗu zai yi a Takoradi, a Gana. Suna neman nas, suna neman mai tura gado, har ajin yara suna da shi. Aikin lada ne, babu albashi."

"To, mu je mana."

"Ruwa ne fa. Kwana goma sha biyu ba ƙasa."

"Ni kike gaya wa ruwa? Ɗan Yelwa? A bakin Kwara aka binne cibiyata."

Jamilatu ta bi gida-gida tana neman gudummawa ga jirgin. Alhaji Uwaisu, attajirin da ya sayi gida a London don karatun 'ya'yansa, ya duba takardar gaba da baya, ya ce, "Na masu mishan ne ko? To, Allah ya ba da sa'a." Hajiya Hajjo ta Barking ta ba ta shayi da addu'a mai tsawo. Haka ta dawo da jaka kamar yadda ta fita da ita.

Amma wani labarin ya riga ya zaga gari: Hambali zai tafi Afirka a jirgin ruwa, kuma jirgin ruwa ba ya awon kaya.

Direban Alhaji ne ya fara hawowa bene, da kwali shida na zannuwan gado da tawul da agogon bango, na sabon gidan da ake ginawa a Kano. Hajiya Hajjo ta zo da kanta, da filas goma sha biyu masu jan fure, na kayan ɗakin 'yar ƙanwarta.

Jamilatu ta ce, "Hajiya, Takoradi fa za mu. Tsakaninta da Kano ƙasa biyu ne, da motar kwana uku."

"Yo ba duk can ba ne?" in ji Hajiya. Ta juya ga Hambali. "Ɗan ƙaramin abu ne, ba shi da nauyi."

"Ba komai, Hajiya," in ji Hambali, yana laluben alƙalami.

Na ƙarshe shi ne Baba Issahaku, mai gadin wani wurin ajiye motoci a Edmonton, ɗan zangon Takoradi ɗin kanta, wanda ya shekara ashirin bai taka gida ba. Bas biyu ya hau. Ya ciro tabarau na karatu daga cikin safa, irin na kan tebur a kasuwar Lewisham.

"Na yayana ne, Zinatu. Ya sa an rubuto, ya ce ba ya ganin kafar allura." A Hausar zango mace ma "ya" ake ce mata.

"Baba, duk cikin saƙonnin nan naka ne kaɗai ya san inda jirgin za shi. Ka ɗauka ya isa."

Don kada ya fashe, Hambali ya cusa shi a tsakiyar tawul ɗin Alhaji.

Dokar jirgi jaka biyu ce ga kowane mutum. Jamilatu ta karanta masa ita sau biyu, ta ƙara da tata: in ta ga kwali ɗaya a ɗakinsu na jirgi, shi da kwalin za su kwana a waje. Hambali bai yi musu ba. Ya ari mota, ya kwashi kwalayen mutum ashirin da uku zuwa ɗakin ajiyar ƙungiyar a bakin tashar Tilbury. Dabararsa mai sauƙi ce: su shiga cikin jirgi tukuna, in an isa ya fito da su, ya damƙa wa direbobin goro masu zuwa Kano.

Mai kula da kaya wata Baturiya ce, Juliana. Ta dubi tulin kwalayen, ta ce da Turanci, "Duk wannan daga mutanenku?"

"Daga mutanenmu," in ji Hambali. Gaskiya ya faɗa. Sauran bayanin ne ya haɗiye, don Jamilatu na tsaye taku goma daga wurin tana cike takarda. Ya ga idon Baturiya ya cika da ƙwalla, ya ɗauka bayansa take tausaya wa.

Ashe Kwara daban, teku daban. Tun ba a daina hango Ingila ba ɗan Yelwa ya rungumi bokiti, bai sake shi ba sai da aka kwana tara. Karimatu tana guje-guje a saman jirgi, Jamilatu tana shirya ɗakin tiyata, in ta leƙo ta ce, "Sannu, Sarkin Ruwa. A kawo maka kwalekwale?"

Ranar da aka fara aiki a Takoradi ya turo gadon farko cikin ɗakin jinya, ya tsaya cik. Zanen da ke kan kowane gado ya san shi. Agogon da ke bango ya san shi. A gefen gadaje goma sha biyu, ga filas mai jan fure, kowanne cike da ruwan zafi.

Ya sami Juliana a ɗakin kaya, tana fara'a. Ta ce tun a teku ta buɗe su ta rarraba. Ta ce shekararta bakwai a wannan aiki, ba ta taɓa ganin masu kyauta da suka rubuta adireshi da kyau haka ba, har ta aika wa ofis sunayen don a yi musu godiya. Tabarau kuwa, e, ta tsinci ɗaya cikin tawul, ta kai sashen ido, an bai wa wani tela da safiyar nan, ya tafi yana murna.

Da ya gaya wa Jamilatu, dariya ta yi har ta zauna a bakin gado.

"Ni na je neman gudummawa aka ba ni shayi. Ashe kai aka ajiye wa."

"Maman Karima, amana ce fa."

"To je ka yaye wa mai ƙari a wuya zanen Alhaji. Ina kallo."

Bai je ba. Ya ciro littafinsa ya duba: suna ashirin da huɗu, babu layi ko ɗaya.

Ranar Juma'a, bayan masallaci, ya tambayi gidan Zinatu a zango. Bai taɓa yin sallama a ƙofar mai jiran saƙo hannu rabbana ba sai ranar. Ya same ta a tabarma, tsohuwa 'yar siririya, tana tsince shinkafa da lalube. Ya durƙusa ya faɗi komai, bai rage ba.

"Wato Issahaku ya aiko, kai ka rabar."

"Haka ne, Iya."

"Hm. London."

Da ta ɗago kai ya ga idanun, fari fat kamar an ɗiga nono. Shekara tara yana tura masu irin wannan ido zuwa tiyata. Yanar ido ce, kuma babu tabarau a kasuwar Lewisham da zai huda ta. Ya roƙe ta kwana uku kafin ta yarda ta je jirgin a yi mata aiki, don ta ce ita ba ta shiga gidan da ke kan ruwa. Shi ya kawo ta, shi ya yi mata tafinta, shi ya tura gadon. A kan zanen Alhaji Uwaisu ta kwanta.

Da aka cire bandeji ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Ta kalli agogo, ta kalli Jamilatu, sannan ta sauke ido a kansa.

"Ashe gajere ne kai. To, ina tabarau?"

"Iya, ai yanzu kina gani."

"Ina gani. Shi ya sa nake tambaya. Shekara ashirin ban ga Issahaku ba. Abin da ya taɓa da hannunsa nake so in gani."

Sauran watannin Hambali ya tura gado, ya yi tafinta ga mutanen zango har likitoci suka riƙa rububinsa. Amma ko ana yabonsa hannunsa na kan aljihun ƙirji. Yana ƙirga ranar komawa kamar mai jiran alƙali.

Sun dawo London da kaka, sati guda aka yi suna a Barking. Hambali ya so ya ce mura yake yi, Jamilatu ta miƙa masa hularsa. Yana shiga, Alhaji Uwaisu ya taso da kansa ya kama hannunsa.

"Malam Hambali. Ka ga wasiƙar? Na sa an yi mata gilashi, tana falo." Ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa zai ji. "Dama niyyata ke nan tun farko. Ban so a sani ba ne, ka san sadaka ba ta son surutu."

"Allah ya ƙara arziki, ranka ya daɗe."

Hajiya Hajjo ma sunanta ya fito a mujallar ƙungiyar, har matan unguwa suka naɗa ta shugabar taimakon marasa lafiya. Ta tare shi a bakin matakala.

"Filas goma sha biyu, Hambali," ta ce, haƙoranta a haɗe. "Masu jan fure." Wasu mata suka matso. Ta saki fuska. "Allah dai ya karɓa."

Mutum ashirin da uku, babu wanda ya iya buɗe baki ya ce a maido masa da ladansa. Sunan Hambali ma ƙaruwa ya yi. Aka fara cewa hannunsa na da albarka.

Saura ɗaya, wanda bai sami wasiƙa ba, don sunansa ba ya jikin kwali. Hambali ya hau bas biyu zuwa Edmonton, ya sami Baba Issahaku a 'yar rumfarsa ta gadi da rana tsaka, ya miƙa masa kaset ɗin da Zinatu ta bayar. Tsoho ya sa a rediyonsa, ya saurara har ƙarshe, ya share ido da gefen hula.

"Ya ce yana gani. Har zare yana sakawa. Allah ya yi ma albarka, ɗana."

"Amin, Baba."

"Amma tabarau bai kai ba."

"Bai kai ba."

"Ido, aikin Allah ne da likita. Ni tabarau na ba ka."

Jamilatu da ta ji ta ce wannan tsoho ba shi da godiya. Hambali ya ce a'a, duk London shi kaɗai ya san mene ne saƙo.

Ranar Asabar ya shiga kasuwar Lewisham ya sayi tabarau irin wancan sak. Ya koma Edmonton, ya sa Baba Issahaku ya riƙe shi da hannunsa, ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya sa a safa. Sannan ya shiga cigiyar matafiyi. Aka ce Katung, abokin aikinsa a asibiti, zai tafi gida ƙarshen wata.

Hambali ya tsaya a ƙofar Katung da 'yar safa a hannu. Sau ɗari an tsaya masa haka, bai san ƙafa na yin nauyi ba.

"Ɗan ƙaramin abu ne," ya ce. "Ba shi da nauyi. Takoradi za a kai."

Katung ya dubi safar, ya dube shi. "Malam Hambali, Kafanchan fa za ni."

Hambali ya sunkuyar da kai, ya ƙara miƙa hannun.

"Yo ba duk can ba ne?"